Mita Goma a Baranda

Ranar da aka zauna zaɓen abin da za a riƙa auna mata masu ciwon ƙugu da shi, likitar gashin ƙashi ta shigo ɗakin taro da fom mai tambaya ashirin. Ba wasu tambayoyin a zo a gani ba ne: kina iya juyi a kan gado? Kina iya tsayawa da ƙafa ɗaya ki sa siket? Hawa bene fa? Shugaban sashe, wanda ake kira A-Taƙaita a bayan idonsa, ya ɗaga fom ɗin da yatsa biyu kamar ya tsinci tsumma.

"Wa zai zauna karatun wannan, ga layi har bakin ƙofa? A taƙaita. Mu auna abin da agogo zai nuna."

Aka tsayar da magana: mace ta taka mita goma a baranda, a danna agogo. Wadda ta haura daƙiƙa goma sha biyu tana da ciwo, wadda ba ta kai ba ta warke. Likitar ta buɗe baki za ta yi musu, sai ta ga kowa ya rufe littafinsa. Da aka nemi masu amincewa, ita ma ta ɗaga hannu, kuma har yau hannun nan yana ba ta haushi.

Sati uku da yin haka wata malamar makaranta ta zo, wata huɗu da haihuwa. Ajinta yana hawa na uku, matakala arba'in da biyu, sau huɗu a wuni. Hedimasta ya ce ko ta kawo takardar asibiti a sauko da ita ajin ƙasa, ko ta ajiye aikin a ba mai ƙafa. Takardar kawai ta zo nema.

Ta taka barandar kai a sama, jaka a kafaɗa. Daƙiƙa tara.

"Ai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ta dame ni ba, Likita," in ji ta. "A hawa ne nake ji kamar ana tsaga ni biyu. Jiya a matakala ta ashirin na zauna, yara suna wuce ni suna gaishe ni."

Likitar ta yarda da ita ɗari bisa ɗari, amma sa hannu na A-Taƙaita ne. Ta same shi a ofis ta fara bayani, bai ko bari ta kai ƙarshe ba.

"Tara? Ni kaina ba zan yi tara ba. Ki ce mata Allah ya ƙara lafiya."

Ta dawo baranda ranta a dagule. Ta goge lambar da ta rubuta, ta yi ƙasa da murya.

"Malama, agogon ne ya ba ni matsala. A sake. Kada ki yi sauri, ko kaɗan."

Malama ta kalle ta. "Ɗingishi kike so in yi."

"Ni ban ce ba."

"Shekara goma sha ɗaya ina hukunta yara a kan satar amsa."

Likitar ta sunkuyar da kai tana duban agogo. Malama ta ajiye jakarta a ƙasa ta koma bakin layi. Ba ta ma iya ɗingishin ba, baiwar Allah: ta fara jan ƙafar hagu, a tsakiya ta manta ta koma jan ta dama. Matan da ke jira a kan benci suka zuba mata ido, wata ta ce mata sannu. Kunya ta kama Likitar kamar ita ce ke tafiyar. Daƙiƙa goma sha shida.

A-Taƙaita ya sa hannu ko sunan bai karanta ba.

Likitar ta miƙa takardar da hannu biyu. "Ki dawo Alhamis mu fara gashi."

"Ba zan dawo ba," in ji Malama, tana ninke ta. "Na faɗa muku inda ke mini ciwo kun ƙi ji, sai da na ƙirƙiro wanda ba ni da shi. Da wane ido zan ƙara kallonki?"

Ta ɗauki jakarta ta fita, tafiyarta a miƙe.

Likitar ta kira ta gaba. Matar ta taso daga benci, kuma tun kafin a danna agogo ta fara jan ƙafa.