Dutsen Taimamar Baba Bakri

A shekarar 2013 ina rubuta kundina a kan daular Dahlak, tsibiran Bahar Maliya da sarakunansu suka yi arziki da jiragen fatake. Duk wanda ya zauna kusa da ni a unguwar Abbasiya sai na cika masa kunne da kaburburansu. Shi ya sa Fatna, mai sayar mana da shayi, ta ce in zo unguwarsu, Hayyin Ashir, in ga mahaifinta, Baba Bakri.

Baba Bakri Bahaushen Sudan ne, tsohon matuƙin jirgin ruwa, ciwo ya hana shi taɓa ruwa shekara ashirin. Ɗakinsa na hawa na biyar, amma wallahi warin teku na ji.

"Ɗana, wata mata ke tsaya mini a bakin ƙofar nan da rana tsaka," in ji shi. "Zanenta a jiƙe. Ba ta cewa komai, kallon wannan kawai take yi."

Ya nuna baƙin dutsen da yake taimama da shi. Yana saurayi ya ɗauko shi daga wani kango a ɗaya daga tsibiran Dahlak don ya ƙara wa jirgi nauyi. Zanen da ke jiki ado ya ɗauka.

Ina dubansa na gane. Rubutun Kufi ne, tsohon salon rubutun Larabci, dutsen kan kabari. Na faɗa masa.

"Karanta mini sunanta in roƙi gafararta kafin in bi ta," ya ce. "Yalla, maza, ba ni da lokaci."

Ni da nake cika baki na iya karanta duwatsu, na shimfiɗa takarda a kansa na goga fensir a hankali. Bisimilla ta fito. "Wannan kabarin" ya fito. Shekara ta fito, ɗari biyar da wani abu bayan hijira. A ƙasa an roƙi mai karantawa ya ambace ta da addu'a. Amma inda sunan yake, sumul. Fensir bai fito da komai ba sai wasu faɗaɗan wurare biyu, daidai tafin hannu.

"Baba, ma'alish, yi haƙuri," na ce. "Ya goge."

Ya daɗe yana duban hannayensa.

Aka kira la'asar. Fatna ta tura masa dutsen kamar kullum. Ya ɗaga tafukansa, ya kalli bakin ƙofa, suka tsaya a sama.