Tsutsar Tumfafiya

A shekarar da yunwa ta share ƙasar Gumel, abu ɗaya ne ya ƙi bushewa a bayan garin Gagarawa, wato tumfafiya. Gero ya ƙone a gona tun bai kai gwiwa ba, an tsige ganyen kuka har ta koma tsirara, amma ita tumfafiya tana nan kore shar, sai ka ce da gayya.

Iya Safara'u tsohuwa ce mai koya wa ƙananan 'yan mata karatun allo a tsakar gidanta. Da can hayaniyarsu har bakin kasuwa ake ji. Yanzu wasu an tafi da su kudu neman abinci, wasu kuma an kai su inda ba a dawowa. 'Yan kaɗan ɗin da suka rage ko ɗaga allo ba sa iyawa. Iya ba ta da ko dunƙulen fura da za ta ba su. Burinta ɗaya ne, ta riƙe waɗannan da ransu har damina ta sauka, ko da ta hanyar mantar da su cikinsu ne.

Wata safiya ta dawo daga bayan gari da reshen tumfafiya, da wata tsutsa mai zane-zane a kansa. Ta sa a tsohuwar ƙwarya, ta rufe da faifai.

"Ku matso," in ji ta. "Wannan mummunar da kuke gani, malam-buɗe-littafi za ta zama."

Yaran suka ƙi yarda. Lauratu, ƙaramarsu, 'yar Hannatu maƙwabciya, har dariya ta yi, abin da aka daɗe ba a ji a gidan ba.

Daga ranar suka sami abin yi. Kullum su ɗebo sabon ganye, su share ƙwarya, su gwada tsawon tsutsar da tsinke. Iya ta niƙa musu jar ƙasa da gawayi da farar ƙasa, ta raba musu sakaina, kowa ta zana fiffiken da take tsammanin zai fito. Ta ja musu kunne ƙwarai a kan ruwan tumfafiya, kada ya taɓa ido, yana makantarwa. Zancen baki kuwa ba ta yi ba. Wa zai tsaya gaya wa ɗan Gagarawa kada ya ci tumfafiya?

Lauratu ta fi kowa naci. Sai ta kwanta rub da ciki tana kallon yadda tsutsar ke cin ganye tana ƙiba, ita kuwa wuyanta kamar sillen kara.

"Iya, ita ba ta jin yunwa?"

"Ina fa za ta ji, 'yar nan? Ga abincinta ko'ina, ba mai yi mata rowa."

Yarinyar ta ci gaba da kallon tsutsar, Iya kuwa ta ji daɗin amsar da ta bayar.

Ana nan tsutsar ta daina ci, ta rataye a ƙarƙashin faifai, ta naɗe kanta cikin ɗan ƙunshi kore mai ɗigon zinariya. Iya ta ce musu ta ƙoshi ne, barci take, in ta farka za ta tashi sama.

Washegari da hantsi Hannatu ta shigo ba sallama, goye da Lauratu. Leɓɓan yarinyar sun kumbura, tana ta amai, jikin da dama ba komai a cikinsa.

"A bayan gari na tsince ta, bakinta cike da ganyen nan," in ji Hannatu. Muryarta ba ta ko tashi ba. "Ta ce in ta ƙoshi za ta yi barci. Iya, me kika koya musu?"

Iya ta fita da sauri. Ta zaga gida-gida neman nonon da za a ɗura wa yarinyar, amma saniyar ƙarshe a unguwar tun tuni aka ci fatarta. Kafin la'asar aka kai Lauratu.

Babu uwar da ta sake turo 'yarta. Ba wanda ya zagi Iya, kuma wannan ya fi mata ciwo. Ta yi kuka har hawayen suka ƙare, ta tsani ƙwaryar, ta kuma kasa jefar da ita.

Da safiyar wata Alhamis ta ji motsi a ƙarƙashin faifai. Ta ɗaga. Ga malam-buɗe-littafi nan ya fito, yana buɗe fikafikai yana rufewa, ja ne mai baƙin gefe da fararen ɗigo-ɗigo. Ta juya ta dubi sakainun da ke jingine a gindin danga. Ta Lauratu ce ta fi kusa da gaskiya, sai dai fiffike ɗaya kawai ta gama.

"Ku zo ku gani," in ji Iya, don bakinta ya riga ya saba.

Tsakar gida shiru. Malam-buɗe-littafi ya bushe fikafikansa, ya tashi, ya tsallake danga ya nufi bayan gari, wajen maƙabarta, inda tumfafiya ta fi yawa.