Gawa a Ƙetaren Rafi

Labaran yana durƙushe a ƙofar ofis yana yi wa kekensa faci, sai ga Yusha'u mai lambu a guje, ba hula, ba takalmi, gaban rigarsa duk jini.

"Ɗan doka, sun kashe Dauda."

Labaran bai tambayi ko su wa ba. Duk wanda ke zaune tsakanin Kawo da ƙauyukan bayan Mando ya san waɗanda ake nufi, ko da yake ba wanda ya taɓa ganin fuskarsu da rana. Tun kaka suke tare 'yar hanyar da masu lambu ke bi da asuba su kai tumatir da latas cikin gari. Sun ƙwace wa matan Gwari kaya, sun rotsa wa wani Bafulatani kai. Masu unguwanni sun kai kuka har bakinsu ya gaji, kullum amsar ɗaya ce, ana dubawa. Ofishin 'yan doka na Kawo kuwa, in har za a kira shi ofis, ɗaki ɗaya ne da benci da kulki a rataye, sai Labaran, tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Bama da ciwon gwiwa. Abokin aikinsa tuni aka ɗauke shi gadin gidan wani babba a cikin gari. Shi kaɗai aka bar wa kasuwa da tasha da ƙauyuka, sai ka ce ƙafa goma gare shi.

Ya ba taya iska, ya kafa jar dararsa, ya goya Yusha'u a baya. A hanya Yusha'u ya ba shi labarin a guntule. Dauda ƙanensa ne, lambu ɗaya suke nomawa. Bayan sallar asuba Dauda ya ɗaure kwando a keke ya yi gaba, shi kuma ya biyo baya da ƙafa da sauran kayan. Ya tarar da shi kwance a kan hanya, an sare shi a ƙeya, ba keke, tumatir ya watse ko'ina.

Da suka isa bakin rafi, Labaran ya ga jinin a kan yashi, har ya fara baƙi. Gawar ce bai gani ba. Sai da ya ɗaga kai ya hango jama'a a ƙetare, zaune a gindin wata ɗorawa. An shimfiɗe Dauda a tabarma, an lulluɓe shi da zane, an juya fuskarsa gabas. Uwarsu, Iya Balaraba, tana zaune wajen kansa tana korar ƙuda da faifai.

Labaran ya juyo wajen Yusha'u.

"Wa ya ɗaga shi?"

"Ni ne," in ji Yusha'u. "Rana ta fara dukansa, nan kuwa ko ciyawa babu. Ɗan'uwana ne, Malam Labaran. In bar shi a tsakiyar hanya kamar mushen jaki?"

Me Labaran zai ce? Da ƙanensa ne, da haka zai yi. Amma ya san abin da waɗannan bayin Allah ba su sani ba. Bara, da aka yanke Kaduna daga ƙasar Zazzau, Turawan awo sun zo sun kafa turaku, wannan busasshen rafin da ko akuya ke tsallakewa shi ya zama iyaka. Nan ɓangaren Kaduna, can ƙasar Zazzau. Ga shi kuma maganar kisan kai ba ta ɗan doka ba ce, ta 'yan sandan gwamnati ce, kuma ba a taɓa gawa sai Sufeto ya zo ya gani da idonsa.

"Kada kowa ya ƙara taɓa shi," ya ce. "Kada a taka jinin nan. Yanzu zan zo da mota."

"Ɗan nan," Iya Balaraba ta ce, ba ta ko ɗago ba, "bazara ce. Ka yi sauri."

Ya yi saurin da gwiwarsa ta yarda. Ya wuce barikin soja, ya shiga faffaɗan titin gidajen Turawa inda masu aiki ke ba furanni ruwa, ya isa babban caji ofis rigarsa ta jiƙe sharkaf. Aka ce ya jira. Ya jira aka gama da wani kuku da ake tuhuma da satar cokula, aka gama da wasu 'yan caca, sannan Saje Sama'ila ya yafito shi. Saje mutumin kudancin Zariya ne, ba mugu ba ne, gajiya ce ta cinye shi. Ya saurara har ƙarshe yana murza ido.

"Gawar tana ina yanzu?"

"Gindin ɗorawa, Yallaɓai. Ƙetaren rafi."

"To ta Zazzau ce."

"Ai a ɓangarenmu aka kashe shi. Jinin na nan."

"Labaran, jini ake kai wa likita ko gawa?" Saje ya yi ajiyar zuciya. "Ko da tamu ce, da me zan ɗauko ta? Mota ɗaya gare mu, ta tafi da Sufeto rakiyar baƙi daga Ikko. Ranar dawowarta sai Allah. In kun bi ta can, sai ku gaya wa hakimi, hakimi ya aika Zariya, Zariya ta turo mutum a jirgin ƙasa. In kun maido ta ɓangarenmu, sai ka zauna ka yi gadinta har mota ta samu, a kai ta asibiti likita ya farke ta."

"A cikin wannan zafin?"

"Ni na kawo zafin?" Ya rage murya. "Wa ka ce ya ɗaga shi?"

"Wansa."

"Da jini a rigarsa. Kuma lambunsu ɗaya. Ka san aikin nan kamar yadda na san shi. Ko ta nan aka bi ko ta can, shi za a fara kullewa, kuma kafin alƙali ya waiwaye shi an ci amfanin bana an manta. Sai dai abu guda. In aka tabbatar kisa ne, dole manya su ba ka mutane a hanyar nan. Kukan masu unguwa ba ya motsa su, gawa ce ke motsa su." Ya tura alƙalaminsa gefe. "Ni dai ban rubuta komai ba tukuna. Ka koma ka dawo mini da magana ɗaya."

Duk tsawon hanyar komawa, maganar nan ta mutane ita ke yi wa Labaran yawo a ka. Ko 'yan sanda biyu ne da fitila da bindiga, ai da hanyar ta gyaru. Abin da ya daɗe yana roƙo ke nan, yau ga shi an miƙo masa, amma a kan gawar Dauda. Ya ji kunyar kansa da ya sami zuciyarsa tana ɗan murna, ya kuma ji haushin waɗanda suka mai da shi haka.

Azahar ta wuce kafin ya iso. Tun daga nesa ya hango ungulu sun jeru a saman ɗorawar. Jama'a sun ƙaru, amma sun ɗan ja baya daga tabarmar, wasu sun kare hanci da bakin riga a fakaice don kada uwar ta gani. Cikin mamacin ya fara tasowa a ƙarƙashin zanen. Iya Balaraba tana nan inda ya bar ta, hannun dama ya gaji ta mai da faifan hagu. Liman ya tare shi ya ce an gama haƙa kabari, an yanko likkafani, shi kaɗai ake jira.

"Ina motar?" in ji Yusha'u.

Labaran ya cire dara ya gaya musu komai, bai rage ba. Da ya kai kan maganar likita, wata mata ta yi salati ta rushe da kuka. Da ya kai kan maganar kulle Yusha'u, kowa ya juya ya dubi Yusha'un.

"Jama'a, ku yi wa Allah ku yi haƙuri," ya ce. "Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne. Amma in muka rufe shi yau, mun rufe maganar ke nan. Mutanen nan suna nan cikin dajin nan, wataƙila ma suna kallonmu. Gobe wani za su sara."

"Su kulle ni," Yusha'u ya ce. "Wallahi su kulle ni, in dai za a kama su."

"Kai, rufe mini baki."

Iya Balaraba ce. Ba ta kama sunansa ba, ɗan fari ne, ba ta taɓa kamawa ba. Ta ajiye faifan a kan ƙirjin mamacin, ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ko kafaɗar Labaran ba ta kai ba. Idonta a bushe yake ƙamas.

"Ɗan doka, wa ya ce maka kashe shi aka yi?"

"Iya..."

"Ni na aike shi ya kaɗo mini ɗorawa, zan yi daddawa. Ya hau, reshe ya karye da shi. A gabana aka yi."

"Iya, sara ne a ƙeyarsa. Na ga irinsa a yaƙi."

"Dutse ne."

"To kekensa fa?"

"Ba shi da keke." Ta juya ta dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. "Akwai wanda ya taɓa ganin Dauda da keke?"

Keken nan kuwa duk ƙauyen ba wanda bai san ƙararrawarsa ba. Rabin mazan da ke wurin sun taɓa aronsa. Amma kowa ya kau da kai. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Yusha'u ya durƙushe ya kifa fuska a tafin hannu.

Iya Balaraba ta matso kusa da Labaran, ta yi maganar da shi kaɗai ya ji.

"Biyu Allah ya bar mini. Ɗaya ga shi nan yana kumbura ina kallo. Kana so in ba ka shi a yanka kamar rago, in ƙara maka da wancan a kai kurkuku, don wataƙila a turo muku masu bindiga? In sun zo, Dauda za su tsare? Ka bar ni in rufe ɗana, ɗan nan. Alhakin hanya ba ni na ɗauka ba."

Labaran ya dube ta. Yana iya cewa a'a, doka na bayansa, kulki na hannunsa, ba kuma wanda zai ɗaga masa yatsa. Ya dubi ungulun, ya dubi tabarmar. A Bama ya bar abokansa da yawa a daji ba wanka ba salla, har yau suna zuwar masa a mafarki. Ya rataye darar a kan keke, ya naɗe hannun riga.

"Liman, a kama. Ni zan riƙe wajen kai."

Shi ya tallafi ƙeyar da hannunsa har cikin gida, yatsunsa na jin bakin saran, miƙaƙƙe kamar an ja layi. Masu wanka suka gani, ba wanda ya dubi wani. Bayan la'asar aka yi salla aka kai Dauda. Wajen gaisuwa kowa ya zo sai ya ce Allah ya jiƙansa, ɗorawa ba ta da tabbas, reshenta ruɓewa yake ta ciki. Kafin a watse maganar ta zauna daram, har wani ya ce shi ma ya ji ƙarar faɗuwar.

Rana ta yi sanyi Labaran ya turo kekensa ya tsallako rafi. Ya tsaya a kan jinin. Ya waiga ba kowa, ya sa gefen takalmi ya turo yashi ya rufe shi, ya tattake. Tumatirin da suka rage kuwa awaki sun riga sun gama da su.

Bai yi nisa ba ya ci karo da matan Gwari suna dawowa daga kasuwar Kawo, ƙorai a kafaɗa, sun haɗu wuri ɗaya suna tafe suna waige-waige. Babbarsu, mai gawayi ce da ya sani a bakin tasha, ta tsaya.

"Ɗan doka, sannu da aiki. Da safe mun ji an ce ɓarayi sun kashe mai lambu, har mun ce gobe ba mai fitowa. Yanzu kuma an ce daga itace ya faɗo. Wanne ne gaskiya? Kai ne hukuma."

Labaran ya tsai da keke. In ya faɗa mata, kafin gobe da hantsi maganar ta zaga kasuwa, ta kai kunnen Saje, a tone kabari, a tafi da Yusha'u, a haɗa da shi kansa.

"Daga ɗorawa ya faɗo," ya ce.

"Allah sarki. Allah ya jiƙansa." Ta juya wajen 'yan matan da ke bayanta, fuskarta ta saki. "Kun ji ko? Gobe da asuba sai mu fito da gawayin, mu riga mutanen Mando."

Har sun wuce ya ɗaga murya.

"Ku bari gari ya waye sosai!"

"Don me?"

Ya dubi dajin.

"Macizai sun yi yawa bana."

Suka kwashe da dariya, har ƙaramarsu ta kusa ya da ƙwaryarta.

"Mu da aka haifa a daji? Sai da safe, ɗan doka."

Suka gangara rafin suna hira, yanzu ba mai waige.