Mutumin da Bai Taɓa Yi wa Tohir Dariya Ba

"Ba inda za ni," in ji Suganda, ko kai bai ɗago daga kan gahawarsa ba.

"Katanga ɗaya ce fa tsakaninku, Bang," matarsa Rukmini ta ce, da kiran girmamawar nan mai nufin yaya, tana rufe kwanon kunun shinkafa da kaza da za ta kai maƙwabta. "Tarinsa ma a ɗakinmu yake kwana."

"To ki gaishe shi ta katangar. Wanda gari ya cika wa ɗaki, me zai yi da ni?"

Gari kam ya cika ɗakin. Tun da asibiti ta sallamo maƙwabcinsu Tohir, aka ce a kai shi gida ya huta, lungun bai sake samun sararin da babur zai wuce ba. Samari da 'yan mata waɗanda ko iyayensu ba su haɗu ba lokacin da aka yi fim ɗin da ya ɗaukaka shi, ga su nan a layi da wayoyi a hannu, kowa yana so ya ga Bang Tohir kafin ya tafi. Mai tura kurar taliya ma ya tare a ƙofar gidan Suganda, bai nemi izinin kowa ba.

A wannan lungu na Jakarta aka haife su su biyun. Suganda ne babba, shi ne dogo, shi ne mai muryar da in ya yi sallama mata ke leƙowa ta taga. Shi ya fara shiga harkar fim, shi kuma ya samo wa Tohir aikin riƙe masa laima da kawo shayi a wurin ɗauka. Sai aka yi fim ɗin Damisar Gaɓar Kogi, inda Suganda ya fito a jarumin da aka soke da wuƙa, ya kwanta a cinyar masoyiyarsa, ya rufe ido, har an fara kuka, sai ya buɗe ido a hankali ya ɗaga yatsa ya ce a dakata, saura magana ɗaya, ya faɗa mata yana sonta, sannan ya cika. An yi kuka a gidajen silima kamar an yi rashin gaske. Rukmini tana cikin masu kukan. Ta sha faɗa cewa wannan mutuwar ta aura, mijin gyara aka yi mata.

Ba a daɗe ba wasu 'yan barkwanci suka yi nasu, suka sa masa suna Kyanwar Gaɓar Kogi, suka ba mai riƙe laima jarumta. Tohir ya sa irin gashin Suganda, ya yi irin tafiyarsa, har yadda yake karkata kai kafin ya yi magana, duk ya hardace su a ƙarƙashin laimar nan. Aka soke shi, ya mutu, ya buɗe ido ɗaya ya ɗaga yatsa: a dakata, saura magana ɗaya, wa zai ba agwaginsa abinci? Ya sake mutuwa. A wurin wanka ya ɗaga yatsa ya ce ruwan ya yi sanyi. A kan makara ya ce masu ɗaukar sun bi doguwar hanya. Har a cikin kabari yatsan nan bai huta ba.

Yau kusan shekara arba'in ke nan ƙasar ba ta gama dariyar ba. Yaron da aka ce ya je ya kwanta sai ya ɗaga yatsa. Mai jawabi a wurin biki in ya ga mutane sun gaji, da shi yake ceton kansa. Direbobin manyan motoci sun rubuta maganar a bayan mota, masu tallar taliya sun ɗauka, yara sun mayar da fuskar Tohir ɗan hoton da ake turawa a waya in gardama ta ƙi ƙarewa. Duk Sallah sai talabijin ta haska Kyanwa. Damisa kuwa, in wani ya yi tuntuɓe da guntunta a waya, dariya yake yi, yana cewa ga wani can yana kwaikwayon Bang Tohir amma bai iya ba.

Duk wannan Suganda ya haɗiye. Abin da ya tsaya masa a maƙogwaro daban ne. Wata ranar Sallah ya shigo gida ba zato, ya tarar da Rukmini a gaban talabijin tana kallon Kyanwa, ta cusa gefen mayafinta a baki, hawaye na zuba, kafaɗunta na rawa don dariya. Matar da ta yi kuka don shi, ga ta tana kuka don Tohir, kuma wannan kukan ya fi daɗi. Daga ranar, tsakaninsa da maƙwabcinsa sai sallamar masallaci.

Bayan la'asar Saodah matar Tohir ta shigo da kanta. Ta rame, mayafinta na warin man zafi. Ba ta zauna ba. Ta ce tun da aka dawo da shi yake so ya yi wata magana, numfashi ba ya isarsa, sai ya ɗaga hannu don a saurara. Da ya ɗaga, ɗaki ya ɗauka da dariya. Jikokinsa, 'yan dubiya, har Haji Mursid limamin unguwa da ya zo yi masa karatu sai da ya juya baya yana istigfari. Shi kuma da ya ji dariyar sai ya biye musu, ya faɗi wata shiririta, don bai iya barin mutane su tafi hannu rabbana ba. In sun fita sai ya juya wa bango fuska.

"Ke ma kina yi?" Suganda ya tambaya.

Saodah ta sunkuyar da kai. "Sau ɗaya ta suɓuce mini, Bang Ganda. Wallahi ban so ba. Shi ya ce in kira ka. Ya ce duk ƙasar nan kai kaɗai ne Allah bai ba ka dariya ba."

Suganda ya ji zafin maganar har cikin kunnuwansa. Wato ko a bakin kabari sai mutumin nan ya taɓa shi. Amma a ƙarƙashin zafin akwai wani ɗan daɗi da ya ji kunyarsa: akwai abin da Tohir ya rasa duk da taron nan, kuma a hannunsa yake. Ya sa sabon zaninsa mai kara-kara, ya gyara baƙar hularsa a madubi, ya fita yana takawa ɗaiɗai.

Babu wanda ya ba shi hanya sai da Saodah ta riƙa cewa a matsa tsoho ya wuce. Ɗakin ƙarami ne, fanka na juya zafi. A bango ga hoton Kyanwa, ga lambobin yabo, ga Tohir tare da manyan mutane, kowa ya ɗaga yatsa. Suganda ya duba kusurwa kusurwa, bai ga fuskarsa ba, sai wadda aka ara. Ya juya ya ce kowa ya fita, da tsohuwar muryar nan tasa. Abin mamaki, suka fita.

Tohir ya koma kamar yaro a tsakiyar katifa. Fuskar da ta ciyar da gidaje da dariya ta zama ƙashi da ido. Ya daɗe yana kallon baƙonsa yana tara numfashi, sannan hannunsa ya taso daga kan zani, yatsan ya miƙe.

Suganda ya zauna a bakin gadon. Fuskarsa ba ta motsa ba.

"Tsoro nake ji, Bang," in ji Tohir.

Shi ke nan maganar. Ita ce wadda ya yi ta ɗauke da ita ya rasa inda zai sauke. Ya ce in ya rufe ido sai ya ga rami, ya ga babu kowa, babu mai tafi, babu mai cewa a yanke a sake ɗauka. Ya ce bai san yadda ake mutuwa ba. Ya yi ta sau da yawa a gaban na'ura, amma kullum ya san zai tashi.

Suganda ya so ya ce masa Allah mai rahama ne. Abin da ya fito daban. "Ka sace mini mutuwata, Hir. Ita kaɗai na mallaka."

"Ta yi tsawo ne, Bang." Gefen bakin Tohir ya motsa. "Mutum da wuƙa a ciki yana jawabi. Ni gaskiya kawai na faɗa."

"Kai kuma gashin nan da ka sa, kamar wutsiyar akuya."

"Naka ne ai. A akwatinka na ɗauka."

Ta taga ana jin mai taliya yana buga kwanonsa da cokali. Suganda ya kama hannun nan da ƙasar gaba ɗaya ta sani, ya ji ba shi da nauyi, ya kwantar da yatsan cikin sauran ya riƙe. Ya fara kalmar shahada a hankali, da muryar da ta taɓa sa mata kuka, Tohir yana bin sa kalma kalma. Babu wanda ya yi dariya. Bai tashi ba sai da aka kira magariba. Da ya dawo gida Rukmini ta tambaye shi abin da suka ce, ya ce ba komai, ya ga yadda ta so ta sani, ya ji daɗin hana ta.

Washegari da hantsi lasifikar masallaci ta yi ƙara, Haji Mursid ya sanar da rasuwar Tohir ɗan Sarbini. Aka ɗaura 'yar tutar takarda ruwan ɗorawa a bakin lungu, alamar an yi rashi. Suganda yana tsaye a ƙofa, ya ga wani a teburin mai shayi ya ɗaga yatsa ya ce a dai jira tukuna, sauran suka kwashe da dariya suna share ido.

Kafin azahar manyan allunan furanni na ta'aziyya suka fara isowa, daga gidajen talabijin, daga kamfanin taliya, daga ƙungiyar direbobi. Lungun ya cika, aka jingina biyu a jikin gidan Suganda, suka toshe masa taga. Ya tsaya yana karanta su yana tunanin ranar tasa: Rukmini, liman, da mutanen sahun farko, in ba a yi ruwa ba. Wata yarinya mai ɗauke da makirufo ta roƙe shi ya matsa daga gaban na'ura, sai ta ƙara dubansa ta yi murmushi, ta kira shi Pak, yadda ake kiran dattijo a nan.

"Pak, an taɓa faɗa muku kuna kama da jarumin da marigayi ya fito a fim? Har yadda kuke karkata kai."

Da ma a ce Tohir yana nan ya ji wannan maganar. Shi kaɗai ne zai gane yadda ta yi zafi, kuma shi kaɗai ne zai fi kowa jin daɗinta. Suganda ya kasa tantance ko haushi yake ji ko kewa.

An kewaye gefen gidan Tohir da zannuwa don wanka. An jera bokitai, ƙamshin kafur da ganyen magarya ya cika wurin. Haji Mursid ya shiga da 'ya'yan ƙanen marigayin guda biyu, aka sa gawar a kan benci. Mata suna ɗaki suna karatu, Saodah tana zaune kusa da labulen, ta haɗa kai da gwiwa.

Aka ji zubar ruwan farko. Sai aka ji wani abu ya bugi katako, kamar hannu ya zame daga kan benci. Sai wata 'yar ƙara ta kuɓuce daga hancin wani, irin ta wanda ya toshe baki. Ɗaya daga cikin samarin ya fito da gudu ya durƙusa a bakin kwata, yana kuka yana dariya, yana cewa a yafe masa, ya ɗauka baffa zai ce ruwan ya yi sanyi. Na biyun ya biyo shi. Abin ya kama na waje, ya bi lungu kamar wutar kara, mutane na sunkuyar da kai suna cije leɓe, wayoyi suka fara tasowa sama. Ta tsagin zane Suganda ya hango Haji Mursid riƙe da moɗa, gemunsa na rawa, ya rufe ido gam yana neman tsari.

Saodah ta ja mayafi ta rufe kunnuwanta.

Suganda ya dubi taron. Son mutumin suke, da dukan zuciyarsu, son da shi ba zai taɓa samun ko rabinsa ba, kuma son nan ne ya bar Tohir kwance a kan benci babu mai iya rufa masa asiri. Ya ji kishin ya taso masa, tsohon kishin nan da ya saba da shi, sai dai yau ya zo da wata fuska: ba ya so ko mutum ɗaya daga cikinsu ya ga ƙasusuwan nan da shi ya riƙe jiya. Su riƙe yatsan, nasu ne. Wannan da ya ce yana jin tsoro, babu wanda ya san shi sai shi.

Ya cire agogonsa ya miƙa wa Rukmini, wadda ke kallonsa da idanun da ya daɗe bai gani ba. Ya cire takalmi a bakin labule, ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, ya ɗaga zanen ya shiga. Hannun Tohir na reto a gefen benci, ruwa na ɗiga daga yatsunsa zuwa ƙasa. Suganda ya ɗauke shi ya mayar kan ƙirji, ya gyara mayafin da ya zame, sannan ya karɓi moɗar daga hannun liman.

"Je ka huta, Pak Haji," ya ce, yadda na bayan labule za su ji. "Kada kowa ya shigo. Ni zan yi masa wanka."