Bakin Zaren

…kuma ba idonsa ba ne. Da ma a ce idon ne. Ya kwantar da doguwar rular ƙarfe a bayan fiffiken hagu, tun daga gindi, inda zai haɗe da gangar jirgin, har can ƙarshe inda ya tsuke, ga hasken rana nan yana ratsowa ta ƙarƙashinta. Siriri. Bai kai kaurin fensir ba. Rular ta zauna a kan haƙarƙarin katako na farko, ta zauna a kan na ƙarshe, na tsakiya kuwa — sun sunkuyar da kai tamkar ɗaliban da ba su yi aikin gida ba.

Ya mayar da ita kan fiffiken dama. Ta kwanta luf. Ko gashi ba zai wuce ba.

Shi? Shi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da zanen injiniya, wanda ɗalibai ke kira Malam Daidai, wanda ya taɓa mayar wa shugaban makaranta takardarsa saboda layi ya karkace? A garejin gidansa, a jirgin da ya gina da hannunsa, fiffike biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, sun ƙi kama da juna.

Al'amarin ai a bayyane yake, ko yaro… Haƙarƙarin gindi babba ne, mai kauri. Na ƙarshe rabinsa ne a faɗi, siffarsa ma dabam. Waɗannan biyu kaɗai ke cikin zane. Na tsakaninsu kai za ka haife su. Ka tsayar da babban a wannan bakin tebur, ƙaramin a wancan, ka raba kowanne kashi-kashi daidai, sa'an nan ka miƙa zare daga alama zuwa 'yar'uwarta. Inda zaren ya bi, nan jikin fiffike yake. Zare ba ya ƙarya.

"Malam, hannuna fa ya gaji, ga tukunya a wuta."

"Ki daure, Hajiya, tarihi muke kafawa."

"Tarihin ya ci abincin rana kuwa?"

Matarsa kenan, a wancan lokacin. Tana can ƙarshen tebur, mayafi ya zame, ta danne zaren da farcen babban yatsa, tana dariyar tsohon da ya rasa abin yi da fansho sai yin gasa da shaho. Fiffiken dama kenan. Nata.

Na hagu kuwa bayan an share makokinta aka fara shi.

Ƙusa ma ta isa. Wa zai gaya masa? Ƙusa guda, a buga, a ɗaura zaren, shi ke nan. Ya ɗauko ta, ya ɗauko guduma, ya tsaya a gurbin da take tsayawa, inda gwiwar hannunta ta goge fentin tebur… Ƙusa a madadin yatsanki, Hajiya? Ya mayar da ita gwangwani. Ya ce mai ilimi ba ya buƙatar zare, alƙalami ya wadatar. Kaurin gindi sha biyar cikin ɗari na faɗinsa, na ƙarshe sha biyu, ashe na tsakiya sha uku da rabi. Tsaf. Abin sha'awa a takarda.

Sha huɗu ne. Zare sha huɗu zai ce, domin gindi ya fi faɗi, shi ke rinjaye, ba a raba musu gado daidai. Abin da ya koyar. Abin da ya ja wa 'ya'yan mutane jan layi a kansa.

Gam ya riga ya kama. Falankin goshin fiffiken ya zauna, ya bushe ƙam. A ɓamɓare? Da waɗanne hannuwa? Ya dube su. Zarto ma yanzu gardama yake yi masa. Da waɗanne idanu? Likita ya faɗa cikin ladabi, yana wasa da murfin alƙalami: Baba, hasken yana janyewa, abin da kake son gani, ka gan shi bana. Bana. Sabon fiffike kuwa ba aikin bana ba ne, ko baɗi…

Wataƙila ba kome. Rabin kashi cikin ɗari, me ya kai? Iska akawu ce da za ta zauna tana bin diddigi? Sau nawa tsuntsu ke tashi da fiffike a fige? A lulluɓe da yadi, a shafa fenti, babu mahalukin da zai sani. Rana ɗaya tak yake roƙo: ya tsaya a bakin fili da babbar rigarsa, ya ɗaga kai, ya ga abin ya rabu da ƙasa, maƙwabtan da suka ce tsufa ya taɓa shi su haɗiye maganarsu.

To wa ke ciki?

Auta. Autarsu, wadda ke tuƙa manyan jirage, ta ɗauki hutu musamman. Abokan aikinta sun ce hauka ne, ta ce da su, "Babana bai taɓa kuskuren awo ba." A gabansa ta faɗa, har ya gyara zaman hula. Idan ta rage gudu za ta sauka, ƙasa na matsowa, wane fiffiken zai fara sakin iska? Tare za su saki? Ko na hagu zai riga — ya karkata — bai sani ba. Wannan ce kalmar da bai taɓa furtawa a gaban aji ba. Bai sani ba.

Hajiya, kin ga abin da tafiyarki ta jawo? A'a, astagfirullah. Ba ke ba ce.

Ƙarar mota a ƙofar gida. Auta ta iso da yadin, yau za su lulluɓe. A ɗauke rular. A jingine ta bayan ƙofa, a ce mata ido ne, ido ne kawai ke yi masa gizo… Hannun ya ƙi. Ya tafi aljihun tebur da kansa, ya lalubo ƙullin zaren nan, har yanzu da ɗan baƙin lalle a bakinsa. Ko tsatsa ce? Ba ya iya bambancewa.

Takunta a tsakar gida, irin na uwarta sak. Sallama. Ta ajiye yadin, ta dubi rular, ta dubi zaren da ke hannunsa.

"Baba, ina zan riƙe?"

Can. Can ƙarshen tebur, inda fentin ya goge. Ya miƙa mata bakin zaren, hasken nan siriri yana nan kwance ƙarƙashin rular, shi kuwa ya gaji, ya gaji ƙwarai…