Tabon Makara a Katin Kaifi-ɗaya

A bayan layin masu sayar da ƙarfe akwai wani mai walda da ake kira Kaifi-ɗaya. Ba iyayensa ne suka raɗa masa sunan ba, halinsa ne ya jawo masa. In ya ce ƙofarka za ta fito ran Laraba, to ka nemo motar ɗauka ran Laraba. In ya yanka maka kuɗin aiki, kada ka ɓata yawunka da "a duba mana". 'Yan zamani suna kiran wannan taurin kai. Su suka sani. Da can sunansa mutunci.

Yana da katin bashi na banki, da shi yake ɗauko ƙarfe da sandunan walda kafin masu aiki su sallame shi. Kowane wata yakan biya duka kafin wa'adi, don ba ya son hannunsa ya taɓa kuɗin ruwa, ba a karɓa ba, ba a bayarwa ba. Shekara da shekaru a haka, har gemunsa ya yi fari.

Ran nan da hantsi yana yankan bututu, sai saƙo ya shigo wayarsa. Ya ɗaga gilashin walda zuwa goshi, ya nisanta wayar da idonsa, ya karanta a hankali. Banki ne. Wai ya makara wajen biya, an ci shi tara.

Kuɗin ba su kai na gwangwanin fenti ba. Amma kalmar nan "makara" ta tsaya masa a rai, don ya san abin da ya faru. Ranar wa'adin ya je banki da kuɗinsa a aljihu, rana tana tsaka. Layi ya yi tsawo har waje, sai mai gadin bankin ya riƙa tura mutane wajen na'urar karɓar kuɗi da ke bakin ƙofa, yana cewa duk ɗaya ne. Can ma layi ne. Da aka zo kansa yamma ta yi, na'ura ta haɗiye kuɗin ta tofo rasit, ya tafi abinsa. Ashe a ƙa'idarsu, abin da na'ura ta karɓa bayan an rufe kantar banki, na gobe ne.

"Malam, ka biya su mana ka huta," in ji matarsa da ya koma gida. Tana tsallake dami-damin yadi da suka cika falo, ɗauke da kofin ruwa. "Kuɗin motar da za ka kashe kana bin su ma sun fi tarar."

"Ko anini ba zan ba su ba."

"To, Allah ya ba da sa'a. Banki dai ba makaho ba ne, balle ka ce za ka yi masa gwalo."

"Ke dai kawo ruwan."

Yadin da ya cika falon na autarsu ne. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake ce mata Uwata. Labule take ɗinkawa, kuma hannunta yana da kyau, har aiki ya fi ƙarfin gidan: keken ɗinki a lungu, ƙarafan labule a bayan kujera, baƙo ya zo sai a rasa inda za a ajiye shi. Ta daɗe tana neman shago. Kwanan nan ta samu wani a kan babban titi, mai faffadar taga, kusa da masu sayar da kujeru. Kamfanin da ke kula da ginin ya ce sai ta kawo wanda zai tsaya mata, mai tarihi mai tsabta a banki. Wa za ta kai in ba ubanta ba?

Da yamma ta shigo, ko mayafi ba ta cire ba ta zauna a kan damin yadi.

"Baba, sun ƙi."

"Suka ƙi me?"

"Sun duba sunanka, wai akwai tabon makara a kai, sabo. Sun ce in ba a goge ba kafin ƙarshen mako, za su ba wani mai sayar da wayoyi. Har ya zo ya leƙa shagon ina tsaye."

Kaifi-ɗaya ya dubi hannuwansa, duk tabon ƙuna, kowanne ya san ranar da ya same shi da abin da yake ƙerawa. Wannan ne kaɗai tabon da aka manna masa bai ji zafin wuta ba, kuma ga shi ya tsallake shi ya faɗa kan 'yarsa. An daki gemu, haɓa ta ji.

"Ki je ki ci abinci, Uwata. Shagon nan ke za ki buɗe shi."

Washegari ya kira lambar da ke bayan katin. Aka sa masa kiɗa a kunne har wayar ta yi zafi. Can wata murya ta ɗauka, mai laushi kamar auduga, ta ce tana farin cikin taimaka masa. Ya zayyana mata komai, tun daga mai gadi har rasit.

"Baba, tunda kai tsohon abokin hulɗarmu ne, zan iya yafe maka tarar nan yanzu."

"Ki yafe mini? 'Yata, me na yi miki?"

"Ina nufin za a cire kuɗin."

"Tabon fa?"

"Shi wannan ba a hannuna yake ba. Sai ka je reshe."

"To riƙe yafiyarki. Wanda ya yi laifi ake yafe wa."

Matarsa da ke jin su daga ƙofar kicin ta tafa hannu. "Oh ni! An ba ka kyauta ka ƙi. Wallahi Malam, ko ruwan sama ne ya sauka ba a ranar da ka ce ba, sai ka mayar da shi."

Ya rufe shago, abin da ba ya yi sai ran rasuwa, ya sa doguwar rigarsa mai guga, ya tafi reshe. Ranar farko aka ce manaja tana taro. Rana ta biyu aka tura shi tebur na kusa da taga, na kusa da taga ya tura shi sama, na sama ya ce ai wannan maganar ƙasa ce. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba. Kujerar da ke daidai ƙofar manaja ya samu ya zauna, ya ɗora hularsa a gwiwa, duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Jira nake." Mai gadi ya gane shi sarai, ya riƙa kau da kai yana gyara igiyar layi da ba ta karkace ba.

Mai haƙuri shi ke dafa dutse. Ana gobe wa'adin shago zai cika, ƙofa ta buɗe aka ce ya shigo.

Manajar ba yarinya ba ce, ta kusa sa'ar babbar 'yarsa, da gilashi a ido da gajiya a fuska. Ta ba shi kujera, ta saurare shi har ya dire ba ta katse shi ba. Ta karɓi rasit ta duba, ta duba kwamfuta, ta cire gilashin ta murza ido.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba. Ban ce ƙarya kake yi ba. Ranar nan mun yi cunkoso, kuma na san an tura mutane waje."

"Alhamdu lillahi. Sai ki rubuta haka, ki goge."

"Da a hannuna yake da tuni an wuce wurin. In ka ce banki ne ya yi kuskure, ƙara ce. Sai in tura babban ofis, su duba hoton kyamara, su tambayi mai gadi, su zauna a kai. Kana iya yin nasara, ni ma ina zaton za ka yi. Amma ba a wannan watan ba, wataƙila ba a na gaba ba."

"Shagon yarinyar gobe ne."

"Ka faɗa mini." Ta jawo wata takarda daga aljihun tebur. "Akwai hanya ɗaya da nake da ikon goge tabo da kaina, yau ɗin nan. An tanade ta don dattawa da marasa lafiya. Za ka sa hannu cewa saboda shekaru ba ka fahimci yadda na'urar take aiki ba, kana neman a yi maka rangwame. Da ka sa hannu, tara ta tafi, tabo ya tafi. Amma maganar ta mutu ke nan, ba ka da damar kawo ƙara a kanta kuma."

"Sake karanta mini wurin shekarun."

Ta karanta.

Kaifi-ɗaya ya ƙura wa takardar ido. Shi da yake duban ƙofa da ido ya faɗi faɗinta, a auna a samu daidai. Shi da masu gini suke kira in injiniya ya rikice. Yau shi ne zai rubuta da hannunsa cewa tsufa ya rufe masa kai, don wasu su tsira da nasu mutuncin.

"Wato ku yi ɓarna, ni in ɗauki sunan."

"Haka takardar take, Baba. Ba ni na rubuta ta ba."

"Kowa a gidan nan ba shi ya rubuta ba. To wa ke rubuta muku, aljanu?"

Ta yi ɗan murmushi, bai taya ta ba.

Ya miƙe tsaye ya ɗauki hularsa. Ƙafarsa har ta juya wajen ƙofa, kuma da ya fita da ba wanda zai zarge shi, gaskiyarsa ce. Zai kai ƙara, zai jira, wata rana za a aiko masa da saƙon ban haƙuri ya nuna wa duk layin masu ƙarfe. A ranar kuwa mai wayoyi ya riga ya kafa allonsa a kan tagar nan, Uwata kuma tana durƙushe a falo tana yanka yadi a ƙasa, bayanta yana ciwo, tana ce masa "ba komai, Baba". Wannan "ba komai" ɗin ne ya san ba zai iya ɗauka ba.

Mutane suna zaton mai kaifi ɗaya shi ne wanda ba ya sunkuyawa. Ba su san ƙarfe ba. Wanda ya ƙi lanƙwasa gaba ɗaya karyewa yake yi, kuma ba a yin ƙofa da karyayye. Magana biyu ya yi a makon nan: ya ce ba shi da laifi, ya kuma ce wa 'yarsa ita za ta buɗe shago. Ta farko kansa ya yi wa. Ta biyu alkawari ce.

Ya koma ya zauna.

"Kafin in sa hannu, ki dube ni nan. Na yi miki kama da wanda bai san abin da yake yi ba?"

"A'a, Baba."

"Na makara?"

Ta dubi ƙofa, ta dube shi. "A wurina ba ka makara ba."

"To ki riƙe wannan, tunda takarda ba za ta riƙe ba. Kuma ki sa a rubuta ƙa'idar nan da manyan baƙaƙe a jikin na'urar, don ba kowane tsoho ne zai zo ya zauna muku a ƙofa ba. Miƙo biron."

Ya sa hannu a hankali, harafi bayan harafi, kamar mai jan layin walda, ba rawa ba karkata. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, amma duk wanda ya ce maka babu ciwo a gwiwa, bai taɓa durƙusawa ba. Bai tashi ba sai da ta juyo masa da kwamfutar ya ga wurin fes da idonsa, ta kuma buga masa shaidar da zai kai wa kamfanin ginin. Ta ce a gaishe da mai labule. Ya ce za ta ji.

Washegari da rana aka ba Uwata makulli. Shagon babu komai sai ƙura da warin sabon siminti, muryarsu tana amsa-kuwwa a ciki. Tana zagayawa tana nuna inda keke zai zauna, inda za ta rataye samfur, inda uwarta za ta riƙa zama in ta kawo ziyara. Shi kuwa ƙofar yake dubawa. Ya girgiza ta, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya taɓe baki.

"Wannan ai gwangwani ne. Ko akuya ta tunkuya ta shiga. Zan yi miki wata."

"Baba, ba ka ba ni labari ba. Yaya kuka ƙare da su? Sun amsa laifinsu?"

Ya zaro tef ɗin awo daga aljihu ya jawo bakinsa.

"An goge."

"Na san an goge. Cewa na yi sun yarda su ne suka yi kuskure? Inna ta ce tun jiya ba ka yi magana ba, ko abinci kaɗan ka taɓa."

"Innarki ta cika sa ido."

Ta tsaya tana kallonsa. Ta san ubanta: in ya ci nasara, har mai shayin bakin titi sai ya ji labari. Ta buɗe baki za ta sake tambaya, sai ta ga yadda ya ƙura wa bango ido, ta mayar da bakinta ta rufe.

"Zo ki riƙe mini bakin awon nan, Uwata," in ji shi. "Danne shi sosai a jikin bango. Kada ki bari ya goce."

Ta durƙusa ta danne da hannu biyu.