Hitar Motar Kawu Moeketsi

Ranar Juma'a ce cikin watan Yuli, tsakiyar hunturu a ƙasarmu, raɓa ta daskare a kan rufin kwanon gidajen Hlotse, ruwan bokiti sai an fasa shi da dutse. Ranar na kwanta a ƙarƙashin motar Kawu Moeketsi don a gyara hita mai ɗumama cikin mota, domin washegari shi da dattawa biyu za su je Pitseng su nema mini auren Puseletso.

Motar tsohuwar kunkuru ce mai inji a baya, ta girme ni nesa ba kusa ba. Kawu ya saye ta hannun matar wani fasto da ya rasu, kuma tun ranar yake magana kamar shi ya ƙera ta. Na ce mu hau motar haya kamar kowa. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Motar haya? Da kaji da buhunan masara? Kai da ka gudo daga makaranta, me kake da shi da za a nuna wa mutane in ba motata ba?"

Wayar hitar tana tashi daga ɗan hannun da ke tsakanin kujerun gaba, ta bi ta bututu har baya, ta buɗe murfin akwatin da ke kewaye da salansa, iska mai zafi ta shigo. Na jawo guntunta na duba. Ba tsatsa ce ta cinye ta ba, an datse ta ne da filaya, tsaf.

"Kawu, da gangan aka yanke wannan."

"Fasto marowaci ne. Tsoro yake kada ɗumi ya sha masa mai."

Sabuwar waya sai a tsallaken iyaka, Kawu kuwa ya ce ba zai biya Turawan gona na can kuɗin ƙarfe ba. Ya zare wayar birkin kekena, ya zura, ya ƙulle da ta shingen tumaki. Ya ja hannun, murfi ya buɗe. Ya zagaya motar yana shafa ta kamar saniyar da ta haihu.

Da safe dattawan suka iso cikin bargunansu na zuwa coci, an maƙale su da manyan fil a kafaɗa. Ntate Phafoli, wanda zai yi magana a madadinmu, ya zauna baya da Ntate Lekhanya. Ntate a yarenmu kamar a ce Baba ne. Ni ne direba. Ango ba ya shiga wurin maganar, zan tsaya a bakin hanya.

Kawu ya ja hannun hita har ƙarshe.

"To, Ntate, me ka ji a ƙafarka?"

"Kai! Kamar ɗakin mai jego," in ji Ntate Phafoli.

Ba mu yi nisa ba wari ya fara shigowa, na hayaƙi da ƙonannen mai. Sai na gane dalilin fasto: salansar ta huje a cikin akwatin. Na miƙa hannu zan rufe, Kawu ya buge mini yatsu.

"Warin sabon gyara ne. Tuƙa!"

"Kawu, a sauke gilashi ko kaɗan."

"Iskar taga ce ta kashe kakanka," in ji Ntate Lekhanya daga baya. "Yaran yanzu ba su san komai ba."

Na tura ɗan ƙaramin gilashin gefena, na manna hancina a wurin kamar kare. Su kuwa gumi na zuba, idanu sun yi ja, amma ba wanda zai fara kwance bargo. Namiji ba ya zuwa gidan surukai bargo a hannu, kuma ba wanda zai ce motar Moeketsi ta fi ƙarfinsa. Ntate Phafoli ya ɗauko waƙar coci, ya yi baiti ɗaya ya manta sauran, ya kama dariya shi kaɗai.

Da muka isa, mutanen gidan suna tsaye a bakin shingen shanu. Mahaifin Puseletso dattijon coci ne, ko giyar dawa ba a dafawa a gidansa. Kawu ya fito, ya taka sau biyu, ya rungume ƙofar mota. Ntate Lekhanya ya fito da rarrafe. Ntate Phafoli ya yi ƙoƙari, ya miƙe, ya cire hula, ya buɗe baki zai gaishe da mai gida, sai tuwon masarar safe ya rigayi gaisuwar fitowa, har kan takalman mutumin.

"Tun da safe?" in ji wata gwaggo. "Ashe haka gidan yake!"

Na fito da gudu ina cewa hayaƙi ne, ba giya ba.

"Wannan kuma wane ne?" in ji gwaggon.

"Angon ne," wani ya amsa mata.

"Angon ma ya shigo? Madalla. Ba kunya, ba tarbiyya."

Na roƙi Kawu ya faɗa musu gaskiya. Magana ɗaya ta ishe mu: motar ce. Ya ɗago kai, ya share baki da gefen bargo, ya dubi taron.

"Motata lafiyarta ƙalau," ya ce. "Duk wanda ke shakka ya shiga ya ji ɗumi."

Mai gida ya kira yara su kawo ruwa a wanke masa takalmi, ya juya ya shige ɗaki. Na hango Puseletso ta taga. Ba kuka take ba, labule ta ja.

Mun dawo da duk gilasai a sauke. Kawu ya ce ni na ja masa, da na bar tagata a rufe da hayaƙin bai rikice ba. Har yau yana gaya wa mutane a shagon aski cewa wayar ba ta tsinke ba, kuma gaskiyarsa ce.

Abin da aka rasa: bargon Ntate Phafoli, don matarsa ta ce ba zai sake shigar mata ɗaki ba, haƙoransa na roba na sama, waɗanda suka faɗi a bakin shingen, ba wanda ya koma nema, birkin kekena, da Puseletso, wadda ta auri wani direban motar haya kafin lokacin askin tumaki ya zagayo.